Faifan Kankaren da Na Kai Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ba ni da sakat. Duk inda na zauna, ko a bencin mai shayi na bakin tasha, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, sai wani ya matso ya ce, "Ilu, wai yaya ƙasar Nijar ɗin take? Yaya kuka ƙare da gasar?" Ni kuma sai in gyara zama in ce coge aka yi mana, alƙalai sun ga mu baƙi ne suka danne mu. Mutanen da na gaya wa haka sun fi ashirin. To, ƙarya nake yi. Babu wanda ya danne mu. Ni na kashe mu da hannuna, tun ban bar garinmu Karaye ba. Na ga gara in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, ni kuma Allah ya yafe mini.

Kun dai san shekara uku na yi a makarantar koyon sana'a a Kano, ɓangaren gini. Muna gama jarrabawar ƙarshe sai Malam Tanimu, mai koya mana haɗin kankare, ya shigo da wata takarda. Wai makarantun fasaha na nan da na ƙetare za su haɗu a Maraɗi su yi gasa. Kowace makaranta za ta zuba faifai na siminti, faɗinsa kamar faifan rufe ƙwarya, nauyinsa kada ya wuce kilo biyu, a wurga shi sama ya yi shawagi. Wanda nasa ya fi zuwa nesa, kuma ya sauka bai tarwatse ba, shi ya ci. Da na ji sai da na kifa kai a tebur don dariya. Mutane da gemunsu za su ƙetare iyaka don su yi jifa da siminti. Amma da aka ce a motar makaranta za a je, ci da sha kyauta, ni na fara ɗaga hannu.

Mu biyu Malam ya zaɓa. Ya ce Sambo ya kawo ƙwaƙwalwa, Ilu ya kawo damtse. Sambo abokina ne, Bafulatani daga Ruwan Bago a ƙasar Rogo, siriri, marar yawan magana, kuma tun da muka shiga makarantar ba a taɓa wuce shi a lissafi ba. Yana so ya ci gaba zuwa babbar makaranta, amma mahaifinsa, wanda muke kira Baffa, ya gaji. Ya gaya masa, "Bokon nan ya isa haka. Tunda ka ce za a gwada ku da mutanen wata ƙasa, je ka. In ka dawo da shaidar cewa kun fi wani, ka wuce. In ba haka ba, sandarka na nan inda ka bar ta." A wurina tafiyar yawon buɗe ido ce. A wurin Sambo kuwa, makaranta ce ko kiwo. Na san da haka tun farko, kada wani ya yi mini uzuri.

Sati biyu Sambo ya yi yana zane da lissafi. Ya tankaɗe yashi da rariya kamar mai shirin tuwon biki, ya yanko ragar waya irin ta ɗakin kaji, ya zuba haɗin tsakanin farantai biyu. Faifai biyu suka fito, kaurinsu bai kai ɗan yatsa ba, bakinsu a lanƙwashe. Ya ce a riƙa ba su ruwa safe da yamma har kwana ashirin da takwas, kuma kafin nan ko ƙuda kada ya sauka a kansu. Famfon makaranta ya kafe, kowa kuma zai tafi gida. Na ce a bar mini, ai gidan bulo na tashi, rijiya tana bakin ƙofarmu. Kwanansu uku da zubawa na naɗe su cikin auduga, na rungumo su a cinya har Karaye.

Duk wanda ya taɓa sayen bulo a wurin Baba ya san al'adarsa. Ba ya yabon kayansa da baki. Ɗaukar bulo yake yi ya kai shi daidai kafaɗa ya saki. In ya fashe, ya ce leburori su mayar da shi yashi. In bai fashe ba, ya dubi mai saye kawai. Ina cikin jera faifan nan a inuwa sai ga shi tsaye a kaina.

"Wannan fa?"

"Aikin makaranta ne, Baba. Kankare ne."

"Kankare ko gurasa?"

Leburori suka kwashe da dariya. Kafin in miƙe ya ɗauki ɗaya, ya kai kafaɗa, ya saki. Ya watse kamar an taka ƙwai. Baba ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Shekara uku na rasa mai taya ni aiki don ka koyo wannan?"

Ga laifina na farko. Mai hankali zai ɗauki ɗayan da ya rage ya gudu da shi ɗaki. Ni kuwa dariyar leburori ta hau mini kai. Na ce ai wancan a mota ya jijjiga, ga na ƙwarai nan. Na ɗaga shi, ban ma kai kafaɗa ba, iyakar gwiwa, na saki. Ya rabu gida uku.

Da Baba ya ga na tsaya kamar an dasa ni, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ɗana ba zai je ƙasar mutane da gurasa a ce daga gidana ta fito ba." Ya sa aka ɗauko daron wankin Inna, ya gitta guntayen rodi a gindinsa, ya zuba tsakuwa, ya zuba siminti ba tare da ya yi masa rowa ba. Guda biyu muka yi, kowanne kaurin yatsu huɗu. Bayan mako guda ya gwada su daga kafaɗa, ƙasa ce ta lotsa. Ranar har goro ya raba.

Daga Karaye zuwa Ruwan Bago ba tafiyar yini ba ce. Da na hau keke na je na gaya wa Sambo, da ya sake zubawa, kuma kwanakin da suka rage sun kusa isa. Ban je ba. Kunya ta hana ni, na kuma yaudari kaina cewa damtse zai rufe ɓarnar. Maganar kilo biyu ba mantawa na yi ba. Fata nake Allah ya sa sikelinsu irin na masu sayen gyaɗa ne, wanda ba ya faɗar gaskiya. Na haɗa akwatin katako, na binne su a cikin jiƙaƙƙen yashi, na bi murfin da ƙusa ta kowane ɓangare.

Ranar tafiya mutum uku suka taya ni ɗora akwatin a kan bas mai zuwa Kano. Direba ya tambaya ko injin niƙa ne, na ce kayan gwamnati ne. Ba mu yi nisa ba rufin motar ya lotsa, ruwan yashin ya fara ɗiga a kan hular wani Alhaji mai fataucin goro. Ya ɗaga kai, ya matsa, ɗigon ya bi shi. Ya ce, "Samari, kayan gwamnatin naka fitsari suke yi." Na ba shi haƙuri, muka yi musayar wuri, na isa Kano da jiƙaƙƙiyar riga.

A makaranta Sambo ya taryi akwatin kafin ya tarye ni. Ya shafa murfin, ya ce in kawo guduma ya gan su. Nan take na ƙirƙiro wata doka. Na ce kankaren da ya daɗe a jiƙe, in iska ta buge shi farat ɗaya tsagewa yake yi, sai ranar aiki ake buɗe shi, haka Baba ya ce. Sambo ya dubi Malam Tanimu. Shi kuwa Malam, Allah ya ba shi haƙuri, bai taɓa yarda akwai abin da bai karanta ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Haka yake. Akwai shi a littafi."

Motar makaranta kun san irinta, ba ta tashi sai da turi. Garba Direba ya ɗora mu a hanyar Katsina, yana kaɗa kaset yana zagin ramuka ɗaya bayan ɗaya kamar ya san iyayensu. Mun wuce rabin hanya sai tayar baya ta fashe a kan wata gangara. Garba ya nemi dutsen da zai tare motar da shi bai samu ba, sai idonsa ya faɗa kan akwati. Ya ce a sauko da shi a sa a gaban taya. Sambo ya je ya kwanta a kan akwatin rub da ciki.

Garba ya ce, "Kai ɗan Fulani, ba saniya ba ce, tashi."

"Sai dai ka sa ni a gaban tayar."

Ni kuma bakina ya suɓuce na ce, "Bar shi ya sa mana, ai ba abin da zai same su."

Sambo ya ɗago kai ya dube ni. Na yi maza na ce wasa nake yi, na ruga daji neman dutse, na kuwa samo wanda ya kusa karya mini baya. A Katsina muka ci shinkafa da wake da mai da yaji. Ni dai na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

A kan iyaka, bayan Jibiya, namu ma'aikatan suka karanta takardar Malam, suka yi dariya, suka ce mu wuce Allah ya shirye mu. Ɓangaren Nijar muka tarar da abin mamaki na farko. Rana na take tsaka sai a rufe ofis, kowa ya nemi inuwa ya miƙe, har wajen la'asar. Ba a ɓoye ake yi ba kamar yadda namu ke yi, doka ce. Garba ya ce shi kam ya ga ƙasar da ta dace da shi. Muka zauna a gindin wata bishiya muna kallon awaki.

Da aka buɗe, wani dattijon ma'aikaci mai hula kamar gwangwanin madara ya zagaya akwatin ya ce, "Mi ke ciki?"

Malam ya fara bayani da Turanci, ya ga ba a fahimta, ya dawo Hausa. Dattijon ya saurara har ƙarshe.

"Wato tun daga Kano kuka ɗauko siminti don ku jefar da shi?"

"Don ilimi," in ji Malam.

"Ba saidawa za ku yi ba?"

"A'a."

"Na ga mai ɓoye atamfa cikin taya, na ga mai ɓoye sukari cikin gero. Ban taɓa ganin wanda ya sha wahalar ɗauko kaya don ya yar ba. Ku buɗe."

Malam ya shiga karanto masa dokar iska, wadda ni na ƙirƙira a makaranta, har da ƙarin bayani da ban san da shi ba. Dattijon ya gaji, ya ɗauko wani dogon ƙarfe mai tsini, ya zura ta tsakanin katako ya caka. Muka ji ƙwal. Sambo ya runtse ido ya yi salati a hankali. Dattijon ya sake bugawa sau uku, yana karkata kunne kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Sannan ya zare ƙarfensa ya ce, "Wanga ba faifai ba ne, dutsen niƙa ne." Haka ya rubuta a takarda, duwatsun niƙa guda biyu, ya buga hatimi. A mota Malam ya yi ta faɗa a kan jahilcin ma'aikata, ni kuma ina taya shi. Mutumin nan shi kaɗai ya faɗi gaskiya a tafiyar tamu, ni kuma na bi shi da dariya. In Allah ya sake haɗa mu zan nemi gafararsa.

A Maraɗi aka sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai na wata makaranta, gadajen ƙarfe a jere. Wani ɗalibi mai suna Isuhu aka haɗa mu da shi ya kula da mu. Mutanen kirki ne ƙwarai, kuma Hausarsu tamu ce, sai in lissafi ya zo ko rai ya ɓaci, nan sai ka ji Faransanci ya ɓalle. Suna da son musafaha. Ko bayan gida ka je ka dawo, sai an sake ba ka hannu kamar daga Makka kake. Da safe aka ba mu burodi dogo kamar sandar kiwo, mai taurin da ya fasa mini dasashi, da kofi a cikin kwano maimakon kofi a cikin kofi. Da rana fura, amma tsararriya, ana sha kamar ruwa. Sambo ya kurɓa ya ce geron ya yi, nonon dai a gaishe shi. Da yamma kuwa nama har sai da Garba ya tambaya ko wani ne ya haihu. Sai shayinsu, a ɗan ƙaramin gilashi da bai fi babban yatsa ba, zagaye uku, kuma in ka tashi bayan na farko ka zagi mai dafawa.

Ana gobe gasa, bayan la'asar, tsakar makarantar ta cika da ɗalibai suna gwaji. Akwai na Nijar, akwai namu na Najeriya daga wasu garuruwa, har da waɗansu daga Kwatano. Kowa na goge faifansa da tsumma, wasu har fenti suka yi musu. In aka wurga sai ka ji fir kamar zabuwa ta tashi. Ni ina zaune a kan akwatinmu, na ce cikina ke ciwo. Sambo ya zagaya ya duba na kowa, ya dawo ya tsuguna kusa da ni, fuskarsa a sake irin yadda ban taɓa gani ba.

"Kaɗo," in ji shi, sunan da yake tsokanata da shi ke nan, wato Bahaushe, "na duba duka. Namu ya fi nasu sirantaka, bakinsa ya fi nasu lanƙwasa. In ka sake shi a kwance yadda muka gwada da murfin tukunya, mun wuce su."

Na ce, "Allah ya sa."

"Ka san Baffa har bakin hanya ya rako ni? Bai taɓa yi ba. Bai ce komai ba, amma ya rako ni."

Wallahi a lokacin na buɗe baki zan faɗa masa. Maganar ta zo har maƙogwaro. Sai ga Isuhu da gilashin shayi na biyu. Na karɓa, na shanye, maganar ta bi shayin ta koma ciki.

Washegari aka taru a filin ƙwallo. An kafa tebur da sikeli a kai, ba irin na masu gyaɗa ba, mai allura ne fari tas. Shugabar alƙalai mace ce, injiniya, da biro a bayan kunne. Kowace makaranta ta miƙa zanenta, a auna faifanta, sannan a jefa. Da aka kira mu, mu huɗu muka kinkimo akwati, tun daga nan aka fara ƙus-ƙus. Na sa guduma na ɓamɓare ƙusoshi, ina addu'ar ƙasa ta tsage. Sambo ya tura hannu cikin yashi a hankali kamar mai taɓa jariri. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya share yashin, ya ga tsakuwa, ya ga kan rodi ya leƙo ta gefe, ya ga zanen furen gindin daron Inna ya fito raɗau a kai.

Ni na ɗora shi a sikeli. Allura ta zagaya ta wuce tara, ta tsaya tana rawa. Filin nan kaf ya ɗauki dariya. Matar ta dubi zane, ta dubi abin da ke kan sikeli, ta sake duban zane.

"Wane ne Sambo?"

"Ni ne."

"Kai ka yi zanen ga?"

"Ni ne."

"Zane mai kyau. To wa ya zuba wanga?"

Sambo ya juyo ya dube ni sau ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai. Bai ce Ilu ne ba. Ni kuma, da nake da baki a wurin mai shayi, na tsaya ina nazarin takalmina. Matar ta jira, sannan ta ce ɗalibin da bai iya mayar da zanensa aiki ba, da sauransa, ta ja layi a kan sunan makarantarmu. Malam Tanimu ya cire tabarau ya sa a aljihu, ina jin don kada ya ƙara ganinmu.

Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Sai ɗalibai suka fara tafi suna cewa sai an jefa, su dai su gani. Matar ta yi murmushi ta ce a jefa, amma ba ya cikin lissafi. Kuma don ku san irin mutumin da nake, har a lokacin raina yana gaya mini in na yi nisa da shi za a yafe mini. Na tuɓe riga, na rungume shi, na juya sau biyu, na saki. Taku huɗu ya yi a sama. Ya dira a kan gefensa, ya miƙe kamar tayar mota, ya yi kwana, ya nufi teburin alƙalai. Manyan malamai suka watse, wani ya bar takalmi ɗaya. Ya daki ƙafar tebur, tebur ya durƙusa, sikeli ya tuntsura. Shi kuwa ya yi ɗan juyi ya kwanta, ko ƙwarzane babu. Aikin Baba ba ya ƙarya.

'Yan Kwatano suka ci. Namu kuwa maigadin makarantar ya roƙa a bar masa, ya ce ya daɗe yana neman dutsen alwala. Muka bar masa duka biyun.

A hanyar dawowa Garba bai kunna kaset ba. Sai can wajen Katsina Sambo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Nawa fa?"

"Sun fashe."

"Kwana nawa da zubawa?"

"Uku."

Ya gyaɗa kai, shi ke nan. Da ya zage ni, ko ya mare ni, da na ji daɗi. Na juya na gaya wa Malam komai, har da dokar iska. Malam ya ce dama shi tun farko bai gamsu da ita ba.

Kwana biyar na yi a gida ina ba ku labarin coge, abinci yana ƙin wucewa. Rana ta shida na shiga motar Rogo, daga can na taka da ƙafa zuwa Ruwan Bago. Na tarar Sambo ya fita da shanu. Baffa na zaune a kan buzu a gindin rumbu yana tufka igiya. Na tsuguna, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi Karaye, ya tambayi kaka, ya tambayi gajiyar hanya, na amsa duka. Sannan na zayyana masa abin da na yi tun daga farko. Bai daina tufka ba har na gama.

"Bari in ji ko na gane," in ji shi. "Na Sambo, da aka sake shi, ya fashe?"

"Ya fashe, Baffa, amma ai bai kai ba ne."

"Na babanka, da aka jefa, ya fashe?"

"Bai fashe ba."

"Har tebur ya karya?"

"Ya karya."

"To haƙurin me ka zo ba ni? Wanda bai je makaranta ba ya yi abin da bai fashe ba. Wanda ya shekara uku a can ya yi mai fashewa. Ai ka kawo mini hujja."

Na zo gyara, na ƙara ɓatawa. Na rantse, na yi bayanin shawagi da hannu, na ce ba ƙarfi ake nema ba, tashi ake nema, har na ɗauki murfin ƙwaryarsa na wurga, ya faɗa cikin turken maruƙa. Ana cikin haka Sambo ya dawo, sanda a kafaɗa, ya gaishe ni kamar baƙon da bai sani ba. Na ce, "Baffa, don Allah a bar shi ya sake zubawa a nan, a gabanka. In bai tashi ba, ni ma ka ba ni sanda."

Baffa ya dubi ɗansa. Sannan ya ce, "Kwana nawa ka ce yake so?"

Sambo ya ce, "Ashirin da takwas."

"Ya zuba. Kai kuma ɗan mai bulo, kai za ka jawo ruwan, safe da yamma. Amma daga nesa za ka tsaya, shi zai karɓa ya zuba."

To, masu cewa sun yi wata guda ba su gan ni a tasha ba, wai ko na tafi Legas neman aiki, ga inda nake. Ina Ruwan Bago ina jan guga. An ajiye faifan a ƙarƙashin rumbu, Baffa ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce in na ƙetare shi zai sa a ɗaure ni tare da maruƙa. Sai a kwana na goma Sambo ya sake kira na Kaɗo.

Ranar da kwanaki suka cika, da hantsi, muka fita wata gona da aka gama girbe ta. Mata suka leƙo ta saman dangar kara. Na miƙa hannu zan karɓa, tunda ni ne damtse. Baffa ya ce, "A'a. Mai abu ya jefa abinsa."

Sambo ya riƙe shi a kwance, ya yi bisimilla, ya ɗan karkata, ya sake shi da wannan siririn hannun nasa. Ban taɓa ganin siminti ya yi haka ba. Ya tashi yana juyawa, ya daidaita a sama kamar shirwa, ya wuce kan shanu, ya wuce tsamiyar bakin gona, sannan ya sauko a hankali ya kwanta a kan kunyar gonar. Baffa ya tashi ya tafi da ƙafarsa, ba gaggawa, hannu a baya. Muna hango shi ya sunkuya, ya ɗauka, ya juya shi gaba da baya, ya duba ta hasken rana. Ya dawo ya miƙa wa Sambo, ko tsaga babu.

Ya ce, "Ban san amfanin wannan abin ba, kuma ban ga wanda zai ci shi ba. Amma na ga dutse ya tashi. Kawo sandar nan." Ya karɓi sandar kiwon daga hannun Sambo, ya jingine ta a kafaɗarsa. "Je ka makarantarka."

Na faɗi ina godiya, har da hawaye, ina cewa Allah ya ƙara girma, ni kuma na yi alkawari duk inda Sambo ya shiga ina bayansa. Baffa ya dube ni daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Shi ne abin da ban yarda ba. Kai dai kada ka ƙara taimakonsa."